Tsofaffin Sulalla A Kasuwar Tamanrasset: Yadda Ake Bambance Kuskuren Bugu Da Jabu

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Agadas zuwa Arlit, ya ratsa Assamaka da In Guezzam, sannan ya yi tafiyar kimanin kilomita 400 ya sauka Tamanrasset, ya san manyan hajojin wannan hanya. Daga Aljeriya ana sauko da dabino da gishiri da barguna, daga Nijar kuma ana haurawa da dabbobi da lalle da koren shayi da kayan yaji, a ƙarƙashin tsarin cinikin musaya na kan iyaka da hukumomin Aljeriya suka yi wa doka a 1994 suka kuma sabunta a 2020. To amma akwai wata 'yar ƙaramar haja da ba ta cika buhu, wadda ke sauya hannu a rumfunan maƙeran azurfa da na masu kayan tarihi, da kuma lokacin baje-kolin Assihar da ake yi a garin tun shekarun 1970. Wannan haja ita ce tsofaffin sulalla.

Tun da wayar hannu mai ɗaukar hoto ta bazu, wannan ciniki ya ɗauki sabon salo. Kusan kowanenmu ya taɓa ganin hoton wani kwabo a Facebook ko WhatsApp, an rubuta cewa an yi kuskure wajen buga shi, saboda haka Turawa na nemansa da miliyoyin kuɗi. Sakamakon haka asara ta zama iri biyu. Akwai wanda ke zuba jarin dabinonsa ya sayi kwabon da yaro ya daddake da guduma, akwai kuma wanda ke miƙa wa maƙeri sulen da ke da daraja ta haƙiƙa ya narkar da shi a kan farashin ƙarfe. Dukansu biyu rashin sani ne ya cuce su, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu.

Abin da muke son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kuskuren bugu na gaskiya yana faruwa ne a cikin gidan buga kuɗi, kafin sule ya fito ya shiga hannun jama'a. Duk abin da ya same shi bayan fitowarsa lalacewa ce, kuma lalacewa rage daraja take yi. Kowanne daga cikin biyun yana barin alamarsa, kuma ɗan kasuwa zai iya ganin alamun da idonsa idan ya san inda zai duba.

Daga Tin Hinan Zuwa Dala Da Duro

Yankin Ahaggar ya daɗe da sanin kuɗin ƙarfe. A garin Abalessa, kimanin kilomita 80 yamma da Tamanrasset, akwai kabarin Tin Hinan, wadda Buzayen Ahaggar ke ɗauka a matsayin kakarsu. Da aka tona kabarin a 1925, cikin kayan da aka samu akwai wani fallen zinariya mai ɗauke da shatin sulen Rumawa na Sarki Kustantin, irin wanda aka buga tsakanin shekara ta 308 da ta 324. Wannan shati ya taimaka wa masana suka gane cewa ba a binne ta kafin ƙarni na 4 ba. Kayan suna gidan tarihi na Bardo da ke birnin Aljiyas.

A zamanin ayarin raƙuma, babban kuɗin hamada shi ne liyari, wato dalar azurfa ta Sarauniya Mariya Taresa ta ƙasar Ostiriya. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya bi ta Agadas a 1850 ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500 a kasuwar Kano. Bayanta sai dalar Faransa ta tamma biyar ta shigo, mai nauyin giram 25. Sawunta na nan a bakinmu har gobe. Mutumin Maraɗi yana cewa dala ashirin yana nufin sefa 100, shi kuma Ba'aljeriye yana cewa duro ashirin yana nufin dinari ɗaya. Lissafin biyar-biyar ne duka, kuma tushensa ɗaya.

A yau aljihun fataken wannan hanya kan haɗa kuɗin ƙasashe uku. Akwai dinarin Aljeriya, wanda ya maye gurbin faran a ranar 1 ga Afrilu 1964, akwai sefa ta bankin BCEAO, akwai kuma naira. Idan muka haɗa da liyari da tsofaffin kwabban zamanin Ingilishi da ke cikin adakar iyayenmu mata, za mu ga cewa mu ne muka fi kowa damar cin karo da sule na daban, mu ne kuma 'yan damfara suka fi sa wa ido.

Yadda Ake Buga Sule

Ba za a gane kuskure ba sai an san yadda aikin yake tafiya idan komai ya yi daidai. Da farko ana murza ƙarfe ya zama dogon falle mai kauri ɗaya, sai inji ya riƙa fasa shi yana fitar da 'yan faya-fayai masu santsi waɗanda ba su da zane. Daga nan ana matse gefen kowane faifai ya ɗan tashi. Sai a kai shi injin bugu, inda hatimai biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suke matse shi da ƙarfin gaske. A lokacin bugun akwai wani zoben ƙarfe da ke riƙe faifan don kada ya baje, kuma sau da yawa wannan zobe ne ke yi wa gefen sule tsaga-tsaga. Injin zamani yana buga ɗaruruwa a minti guda, shi ya sa wani lokaci mai aibi kan kuɓuce wa masu dubawa.

Ke nan kuskure yana da ƙofofi uku: faifan ƙarfen, ko hatimin, ko bugun kansa.

Kuskuren Faifai

Idan fallen ƙarfe bai matsa gaba yadda ya kamata ba, injin fasawa kan ci wani ɓangare na ramin da ya riga ya fasa, sai faifan ya fito da giɓi kamar an gatsa, mai siffar jinjirin wata. Hanyar gane na gaskiya ita ce a dubi gefen da ke fuskantar giɓin, a ɗaya ɓangaren. Sau da yawa za a tarar bai tashi sosai ba, domin injin matse gefe bai sami abin dogarawa ba a wurin. Haka kuma rubutun da ke kusa da giɓin yakan dushe a hankali. Wanda aka yanke da almakashin maƙera ko aka goge da magagari kuwa, bakinsa na da kaifi, ana ganin sawun ƙarfe, kuma rubutun yana yankewa ne kwatsam.

Wani lokaci kuma faifan wani sule kan faɗa cikin na wani, sai a buga zanen wannan a jikin ƙarfen wancan. Gidajen buga kuɗi da ke yi wa ƙasashe da yawa aiki sun fi fama da wannan. Alamarsa ita ce nauyi da launi za su yi daidai da na wani sule sananne, kuma idan faifan ƙarami ne, zanen zai yanke a gefe.

A kwabo mai huji, akan sami wanda ba a huda ba sam, ko wanda hujin ya karkace. Masu tarawa suna son waɗannan. Sai dai mai wayo kan cike hujin da dalma ko wani ƙarfe ya goge, saboda haka a duba tsakiyar da kyau a cikin hasken rana, ko akwai da'irar da launinta ya saɓa.

Kuskuren Hatimi

Hatimi yana tsufa, yana tsagewa. Idan ya tsage, ƙarfen sule kan kutsa cikin tsagar lokacin bugu, sai a ga wani siririn layi ya taso a fuskar sulen. A nan akwai ƙa'ida mai sauƙi da za ta raba gardama da yawa: tsagar hatimi tana fitowa a tashe, ita kuwa ƙarzuwa tana shiga ciki. A sa farce a shafa. Idan layin tudu ne, daga gidan bugu yake. Idan kwari ne, wuƙa ce ko dutse.

Akwai kuma hatimin da tun wajen ƙera shi zanen ya hau sau biyu, sai duk sulen da ya buga ya fito da haruffa da lambobi biyu-biyu. Mafi shahara shi ne santi ɗaya na Amurka na 1955, wanda aka ƙiyasta cewa tsakanin 20,000 da 24,000 ne suka shiga hannun jama'a, kuma mai kyau a cikinsu yana wuce dalar Amurka dubu. A irin wannan, kowane layi na biyu yana da kumburinsa da rabuwa a fili. Amma akwai wani ninki na daban da girgizar inji ke jawowa, wanda ke fitowa a shimfiɗe kamar matakala a gefen harafi. Shi wannan ya yi yawa, kuma masu tarawa ba su cika ba shi wata daraja ba.

Alfadari: Kwabon Da Ya Kamata Mu Nema

Kuskuren hatimi mafi ban sha'awa shi ne wanda masana suka laƙaba wa suna alfadari, domin kamar yadda alfadari ke haɗa jaki da godiya, haka wannan sule ke haɗa fuskar wani da bayan wani. A Ingila, a 2008, an haɗa sabon hatimin baya na sulen fensa 20 da tsohon hatimin fuska, sai ya fito babu shekara ko ta wane ɓangare. Gidan buga kuɗin ƙasar ya ƙiyasta cewa ba su kai 250,000 ba, kuma a 2009 wani kamfanin dillancin sulalla ya yi tayin fam 50 a kan kowane ɗaya.

Abin da ya fi shafarmu shi ne, akwai alfadarai a cikin kwabban da kakanninmu suka kashe a Kano da Katsina da Sakkwato. An soma buga kwabo mai huji da anini a 1907. A fuska akwai kambi da sunan Sarkin Ingila da rubutun Larabci, a baya kuma akwai tauraro mai tsini shida da shekara. Daga 1907 zuwa 1911 ana rubuta sunan Nijeriya a jikinsu, daga 1912 kuma sai aka bar sunan Afirka ta Yamma ta Ingilishi kaɗai.

Sarki Edward na VIII ya hau gadon sarauta a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar wannan shekara. Duk da haka an sami kwabo mai ɗauke da sunansa amma shekarar da ke baya 1945 ce, domin ma'aikata a kamfanin Heaton na birnin Birmingham sun ɗauko tsohon hatimi bisa kuskure. Wannan kwabo yana da wuyar samu ƙwarai. Haka nan Sarki George na VI ya rasu a Fabrairun 1952, amma akwai kwabon 1956 mai sunansa maimakon na Sarauniya Elizabeth. Akwai ma na 1936 da aka haɗa fuskar santi goma na Afirka ta Gabas da bayan kwabon Afirka ta Yamma. Duka ukun suna cikin manyan littattafan jerin sulallan duniya da dillalai ke aiki da su.

Saboda haka wanda ke da gwangwanin tsofaffin kwabbai a gida, aikin da ke gabansa mai sauƙi ne. Ya karanta sunan sarki a fuska, ya juya ya karanta shekara, ya ga ko sun dace. Edward na VII yana tafiya da 1907 zuwa 1910, George na V da 1911 zuwa 1936, Edward na VIII da 1936 kaɗai, George na VI da 1937 zuwa 1952, daga nan sai Elizabeth. A kula kada a rikita VII da VIII. A kuma sani cewa kwabon Edward na VIII na 1936 na yau da kullum an buga shi miliyoyi, don haka labarin da ake bazawa cewa duk kwabon sarkin da ya yi murabus dukiya ce ba shi da tushe.

Kuskuren Bugu

Idan faifai bai zauna daidai a tsakiya ba, zanen kan karkata gefe guda, ya bar wani ɓangare fili babu komai. Wannan fili zai kasance mai santsi da kaurinsa, kuma fuska da baya za su karkata tare. Idan zoben da ke riƙe faifai bai tashi ba, sulen kan baje ya fi 'yan uwansa faɗi, gefensa kuma babu tsaga, amma nauyinsa ba zai canza ba. Idan sule ya maƙale aka sake dukansa, sai a ga zane biyu ɗaya a kan ɗaya.

Akwai kuma juyawar hatimi. A riƙe sule fuskarsa a miƙe, a juya shi, a ga yadda bayan ya tsaya. Wasu ƙasashe suna buga baya a miƙe, wasu kuma a kife, kuma duka biyun tsari ne. Don haka kada a yanke hukunci da sule ɗaya. A ɗauko guda biyar ko goma irinsa, in duk haka suke, to haka aka tsara su. Sai wanda ya saɓa wa 'yan uwansa a fili ne abin dubawa.

Abubuwan Da Ake Zaton Kuskure Ne

Babban abin da ke ruɗin mutane a rumfunan azurfa na Tamanrasset da Agadas shi ne shekarar 1780 da ke jikin liyari. Mai sayarwa zai rantse cewa sulen ya haura shekara 240. Gaskiyar magana ita ce Mariya Taresa ta rasu a Nuwamban 1780, kuma tun daga lokacin duk liyarin da aka buga ana sa masa wannan shekara, domin 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Afirka ba su yarda da wanda aka sauya wa kama. An buga shi a Biyana, an buga a Rum daga 1935, a Landan daga 1936, haka nan a Faris da Burasal da Birmingham da Bombay. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga kimanin miliyan 389, kuma gidan buga kuɗin Ostiriya bai daina ba. Alamar X da ke bayan shekarar, da haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton sarauniya, suna jikin liyarin da muka saba gani duka. Darajar mafi yawansu ita ce azurfar da ke ciki, wato kimanin giram 23.4, sai a ninka da farashin giram na ranar.

Na biyu shi ne shekaru biyu da ke jikin dinari. Sulallan Aljeriya da yawa suna ɗauke da shekarar Miladiyya da ta Hijira, kamar 1964 da 1383, ko 1992 da 1413. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka shekarar Miladiyya ɗaya kan ratsa na Hijira biyu. Wanda ya ga lissafin bai zo daidai da yadda ya zata ba, ya duba kalanda kafin ya ce ya tsinci dukiya.

Na uku, ƙananan alamu. Galibin sulallan sefa ana buga su ne a masana'antar gidan buga kuɗin Faransa da ke Pessac, kuma kusa da shekara akan ga ƙananan zane biyu. Ɗaya ƙaho ne cike da 'ya'yan itace, alamar gidan bugun. Ɗayan kuwa alamar shugaban masu zane ce, wadda ke canzawa idan an sauya mutum: an yi kifin dolfin, aka yi ƙudan zuma, aka yi takalmin doki. A kwabban Ingilishi kuma harafin H na nufin kamfanin Heaton, KN kuma King's Norton. Babu kuskure a cikin ko ɗaya.

Na huɗu, sulalla masu ƙarfe biyu. Jerin dinarin 1992 mai hotunan dabbobi ya zo da irinsu: dinari 10 mai shaho, 20 mai zaki, 50 mai barewa, 100 mai doki, sannan aka ƙara 200 a 2012. Sefa na da 250 na 1992 da 200 da 500 na 2003, Nijeriya kuma ta fitar da naira ɗaya da naira biyu a 2007. Ana iya fitar da tsakiyar irin waɗannan da guduma da ƙusa, a juya ta, ko a sa ta wani sule, musamman dinari 10 da tsakiyarsa alminiyam ce mai taushi. Idan aka kawo maka zobe babu tsakiya, ko tsakiya a juye, ka dubi bakin ciki na zoben. Sawun duka ko lanƙwasa ya isa shaida.

Na biyar, aikin ganganci. Sulen da aka jiƙa a ruwan batir yakan sirance, ya rage faɗi da nauyi, zanen ya yi dishi-dishi ta kowane ɓangare da ƙananan ramuka. Wanda aka haɗa da wani aka daka, rubutun ɗayan kan shiga jikinsa a juye kamar a madubi, ɗaya fuskar kuma ta baje. Wuta tana sa kumburi da baƙi. Liyarin da aka taɓa yi wa kunne don rataya a wuya yakan bar tabon walda a gefe, kuma wannan na sauke shi zuwa farashin azurfa kawai.

Kayan Gwaji Huɗu

Ɗan kasuwa ba ya bukatar babban inji. Abu huɗu sun wadatar: ƙaramin sikeli na masu zinariya mai nuna ɗigon giram, maganaɗisu, gilashin ƙara girma, da wani sule na ƙwarai irin wanda ake dubawa.

Sikeli shi ne alƙali. Liyari na gaskiya yana da nauyin giram 28.07, faɗinsa kimanin milimita 40, azurfarsa kashi 83.3 cikin 100. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan, amma wanda ya gaza da giram biyu ko uku abin tuhuma ne. A gefensa kuma akwai rubutun Latin a tashe, wanda ke ba masu jabu wahala. Jabun da aka yi ta hanyar zubi yakan nuna layin haɗi a gefe, da ƙananan ramuka, haruffansa kuma ba su da kaifi. Idan aka ɗora liyari a kan yatsa aka ƙwanƙwasa shi a hankali, azurfa tana yin ƙara mai tsawo, dalma kuwa muryarta a mace take.

Maganaɗisu ba ya kama azurfa ko zinariya, saboda haka duk liyarin da ya manne masa jabu ne. Amma kada a tsaya nan, domin ba ya kama tagulla da dalma su ma, sai an haɗa da sikeli. Yana da amfani kuma wajen dinari 5 na 1972, wanda aka buga don cika shekara goma da samun 'yancin Aljeriya. An yi shi iri biyu masu zane ɗaya, na azurfa da na nikal. Maganaɗisu yana kama na nikal ya bar na azurfa.

Abu ɗaya da muke roƙon kowa ya guje wa shi ne wanki. Mun saba goge kayan azurfa da toka ko lemun tsami ko tsamiya don su yi haske, amma a wurin masu tara sulalla wannan ɓarna ce. Sulen da aka goge yana iya rasa mafi yawan darajarsa. A bar shi da launinsa, a riƙe shi ta gefe, a naɗe shi a takarda shi kaɗai.

Farashi Da 'Yan Damfara

Ko kuskuren ya tabbata, ba kowanne ne ke kawo kuɗi mai yawa ba. Abu uku ke yanke farashi: ƙarancinsa, lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa. Masu tara sulallan Amurka da Ingila sun fi masu tara dinari da sefa yawa nesa ba kusa ba, don haka ƙaramin aibi a sefa 100 ba zai kai farashin takwaransa na Amurka ba. Kuma kuɗin da wani ya rubuta a intanet cewa yana nema ba shi ne farashi ba. Farashi shi ne abin da aka biya aka karɓa. Manyan dillalai a ƙasashen waje sun fi amincewa da sulen da kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS suka duba suka rufe a cikin roba, kuma wannan aiki kuɗi ake biya, sai sulen da ya cancanta.

Dabarun 'yan damfara sanannu ne. Ɗaya zai zo a matsayin baƙo mai neman wani kwabo ido rufe, ya sa masa farashi mai tsoka. Bayan kwana biyu sai wani ya ɓullo da irin kwabon yana neman rabin kuɗin. Da ka saya, daga mai saye har mai sayarwa babu wanda za ka sake gani. Wata dabarar kuma, wani zai ce yana ƙasar waje zai saya, amma sai ka fara tura kuɗin rajista ko na takardar shaida. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi daga mai kaya. Akwai kuma tatsuniyar jan makuri da ake cewa yana ɓoye a cikin tsofaffin sulalla da dutsen guga. A 2009 irin wannan jita-jita ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta sayen tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da dubban riyal, daga baya ta tabbata babu komai a ciki. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma cinikin biri a sama bai taɓa yi wa kowa rana ba.

Doka A Kan Iyaka

Wannan ɓangare ya fi asarar kuɗi nauyi. Dokar Aljeriya mai lamba 98-04 ta ranar 15 ga Yuni 1998 ta sa tsofaffin kuɗaɗe cikin kayan tarihin da take karewa, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 5 da tarar dinari 200,000 zuwa 500,000 ga wanda ya fitar da kayan tarihi daga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Yankin Ahaggar kansa wuri ne da aka keɓe tun 1987, kuma ofishin da ke kula da shi yana cikin Tamanrasset. Nijar tana da tata dokar ta 1997, Nijeriya kuma tana da hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979, wadda sai da izininta ake fitar da kayan tarihi.

Saboda haka sulen da aka ce an tono shi a ƙasa, ko na Rumawa, ko tsohon dinarin daulolin Musulunci, kada ɗan kasuwa ya karɓe shi ko da kyauta ne, balle ya sa shi a cikin kayansa ya doshi shingen duwan na In Guezzam. Haka nan kada a karɓi saƙon ƙunshi a rufe daga wanda ba a sani ba. Ribar 'yan sulalla ba ta kai a rasa mota da kaya da 'yanci ba.

A taƙaice, idan sule na daban ya faɗo hannunmu, mu auna shi, mu gwada shi da maganaɗisu, mu jera shi da 'yan uwansa, mu karanta suna da shekara, sannan mu nuna wa masana fiye da ɗaya waɗanda ba su da niyyar saye. Kada mu biya fiye da kuɗin ƙarfensa kafin ya tabbata, kada kuma mu kai wa maƙeri kafin mu duba. Mai gaggawar a rufe ciniki yau-yau, galibi akwai abin da ba ya so a gani. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.